Ɗiyata ta Fari a Bakin Raga

Zainabu, ke kika jawo wannan babin. Ranar sunan ɗanki, muna tsakar gida ana damun fura, kika ce da ni cikin raha, wai ban fara son yayarku Luba ba sai da na gan ta a talabijin. Mata suka yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi maganar nan ta yi kwana uku tana cina. Idan ke da kika sha nonona haka kika ɗauka, to ƙanenki Basiru ma haka ya ɗauka, kuma haka za ku faɗa wa 'ya'yanku bayan raina. Shi ya sa na ɗauki biro. Ku yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, ga ido ya fara rauni.

Shekara tara na yi a gidan babanku ko ɓari ban taɓa yi ba. Babu jiƙon da ban sha ba, babu malamin da bai yi mini rubutu ba. Da Allah ya kawo Luba, in ɗaki ya zama daga ni sai ita, nakan buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, in shinshini wuyanta, in yi ta kallonta har tuwo ya ƙone. Amma da na ji takun mutum sai in ajiye ta in juya baya. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa, in an doke shi ba a rama masa. Ku yaran yanzu kun mai da wannan abin dariya, mu kuwa a wurinmu da shi ake gane mace mai mutunci. Kakarku Dada, uwar babanku, Bafulatana ce, ita ta fi kowa riƙo da shi. Babanku ne ɗanta na fari, ya yi furfura a gabanta ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ni ma na bi sahu, Luba ta zama "waccan" ko "yarinyar ga". Matan ƙauye suna cewa Rakiya akwai kunya, kuma kada in yi muku ƙarya, ina jin daɗin yabon.

Lokacin muna ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, nan kusa da Tungar Guru. Luba tana shekara goma sha ɗaya aka shiga shekarar gubar dalma. Maza suna kwaso dutsen zinariya daga rami, mu mata muna daka shi a turmi a tsakar gida, ba mu san mutuwa muke dakawa ba. Yara ƙanana suka fara sanƙarewa. Basiru yana goye, shi ma ta kama shi, aka kwashe mu zuwa asibiti a Anka. Ana cikin haka goggonku Asabe, ƙanwar babanku, ta zo daga barikin soja a Jos inda mijinta yake aiki, ta ce a ba ta Luba ta riƙe kafin abubuwa su daidaita. Ba wanda ya ga abin mamaki, ɗan fari dama na dangi ne. Ranar da za su tafi ina wankin zanen goyo a bayan asibiti, Luba ta zo ta tsaya a bayana.

"Inna, za mu tahi," ta ce.

"To," na ce.

Ban ɗago ba, don Asabe da Dada suna tsaye. Wannan "kafin abubuwa su daidaita" shi ya zama shekara goma sha biyu. Basiru ya warke, muka bar ƙauyen muka dawo Gummi garin iyayena, babanku ya kama noman shinkafa a fadama, ni kuma na kama gumi, wato turara shinkafa, ina sayarwa.

A bariki Luba ta tashi cikin 'ya'yan Yarbawa da Tibi da Birom, waɗanda iyayensu mata ke rungume su a bakin titi suna kiran sunansu da ƙarfi. A can ta koyi ƙwallo. Tsaron raga ta zaɓa, saboda doguwa ce, ga manyan hannuwa irin na babanku, kuma mai tsaron raga tana iya sa dogon wando da riga mai dogon hannu ba wanda zai ce mata don me. Duk babbar Sallah takan zo gida. Tun ana saura mako nake neman busasshen kifi mai kyau, in yi mata tuwon shinkafa da miyar sure, don na san abin da take so ke nan, in zuba mata tsoka mafi girma. Amma ba ni nake miƙa mata ba. Ke Zainabu nake ba kwanon in ce, "Kai wa waccan." A zatona ta gane. A zatona Asabe ta yi mata bayanin al'adarmu, Asabe kuwa a zatonta abu ne da kowane ɗa yake sha a nono. Ashe ba wanda ya taɓa zaunar da yarinyar nan ya ce mata, uwarki kunyarki take ji, ba ƙinki take yi ba.

Shekarar da nake son ba ku labari, Luba ta zo ba a Sallah ba. Farkon damina ne, ana shirin dashe a fadama. Ta zo da takarda, an kira ta sansanin horo na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasa, za a zaɓi waɗanda za su je gasar Afirka. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Wasu suka ce abin alfahari ne, wasu suka ce ɗiyar Musulmi daga Zamfara tana tsalle a gaban duniya, ina aka taɓa yin haka. Babanku ya zaunar da ita a zaure ya yi mata tambayoyi uku: sallarta, suturarta, da wanda zai kula da su a can. Ta ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Ina jin su ta bayan katanga, ina yi kamar itace nake ɗiba.

"Allah shi tsare," ya ce. "Amma tahi ki tambayi uwarki. In ta yarda, na yarda."

Na koma bakin murhu da sauri. Ganga biyu na shinkafa ke kan wuta. Dada tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ga maƙwabta mata uku da suka zo taya ni shanya, ko in ce suka zo jin abin da zan faɗa. Luba ta shigo, ta durƙusa kusa da ni har tururi yana dukan fuskarta.

"Inna, Baba ya ce in zo wurinki. Izininki nake nema, da albarkarki."

Ku ji abin da ke cikina a lokacin, don ba wanda ya taɓa ji. So nake in kama kan nan nata in ce je ki, Allah ya yi miki albarka, ki kame duk ƙwallon da aka buga miki, ni na haife ki kuma ban taɓa nadama ba. Maganar ta zo har maƙoshina. Sai na ji carbin Dada ya tsaya. Na ga matan nan sun bar shanya sun zuba mini ido.

"Ni mi ne nawa ciki?" na ce. "Tahi wurin uwarki da ta riƙe ki. Abin da ta ce shi ke nan."

A wurinmu babu amsar da ta fi wannan kyau. Na girmama Asabe, na nuna ban yi iko da ɗiyar fari ba, kuma duk wanda ya san al'ada ya san na yarda, don da ban yarda ba da babanku zan samu a ɗaki in hana. Matan suka gyaɗa kai. Ɗaya ta ce, "Rakiya ke nan." Carbin Dada ya ci gaba da tafiya. Luba kuwa ba ta tashi ba.

"Inna, ko sau ɗaya ki dube ni."

Na ci gaba da juya shinkafa. Hawaye na zuba, na bar shi a kan hayaƙi ne. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta.

"Shi ke nan. Na gode," ta ce.

Washegari da safe ta tafi. Na ɗaure mata shinkafa ta gumina, da dakkuwa, da man shanu a kwalba, da sabon ɗankwali baƙi wanda ba ya zamewa. To ku ji wautar uwarku: na ba Zainabu ƙullin na ce ta ce daga Dada ne. Luba ta je ta durƙusa ta yi wa Dada godiya, tsohuwa ta karɓi godiyar don ita ma ta san wasan, ni ina leƙe ta kafar ƙofa.

Daga ranar Luba ta daina nemana. Da can in ta kira babanku a waya takan ce a ba Inna, in karɓa in ce "Lahiya?" ta ce lafiya, in mayar. Yanzu sai ta gama da shi ta ce a gaida mutanen gida. Na zama mutanen gida. A gari kuma magana ta juya, aka ce Rakiya ta ƙi sa wa ɗiyarta albarka saboda ƙwallo, har wata malama ta tare ni a gidan biki tana yaba mini da na tsaya a kan gaskiya. Na rasa bakin cewa ba haka ba ne, don kare ɗiyar fari a gaban mutane shi ma rashin kunya ne. Abin ya dame ni ƙwarai. Ina gumi ina tunaninta, ina sallah ina tunaninta, na rame har babanku ya ce ko ciwon shawara ne.

Aka zaɓe ta, a matsayin mai tsaron raga ta biyu. Lokacin Zainabu ba ki daɗe da tarewa ba, mijinki yana da talabijin mai aiki da hasken rana. Ranar wasan farko na yafa mayafi na ce zan je duba amarya. Dada ta ce ita ma ƙafarta na son motsi. Muka tafi, ba wadda ta dubi wata. Muka tarar da ɗaki cike da mata da 'yan mata, maza suna can zaure da nasu rediyon.

Ban san komai game da ƙwallo ba. Ban san me ya sa alƙalin wasa yake busa usur ba, ban san me ya sa ake jefa ƙwallo a raga a ce ba ta ci ba. Abu ɗaya na sani: Luba tana benci, kuma mai ɗaukar hoto yakan waiwaya benci in an ci ƙwallo ko in koci ya fusata. Sai in zauna tun daga farko har ƙarshe ina jiran wannan waiwayen. Wani wasan a nuna ta sau biyu, wani sau ɗaya, kamar ƙiftawar ido, ta haɗa hannuwa a ƙirji, baƙin ɗankwalin nan a kanta. Wani wasan ba a nuna ta ba sam, na koma gida ban iya cin tuwo ba. In an nuna ta ɗaki yakan ɗauki sowa, ni kuwa in sunkuyar da kai in ce, "Zainabu, ba ni ruwa."

A hankali na san 'yan matan. Akwai wata gajera mai jan gashi, in ta ɗauki ƙwallo ba mai kamo ta. Akwai shugabarsu, mai faɗa kamar uwar gida, tana nuna wa kowa wurin tsayawa. Wasan farko sun sha wuya, da ƙyar suka tashi ba wanda ya ci wani, mutane suka fara cewa bana ba su da ƙarfi. Daga nan suka farfaɗo, suka yi ta cin na gabansu. Yawancinsu ba Musulmi ba ne, sunayensu ma harshena ba ya iya juya su, amma bayan kowace sallah sai na roƙa musu nasara, don su ne suke cin abinci da ɗiyata, su ne suke kwana ɗaki ɗaya da ita. Ranar da suka tsallaka zuwa wasan kusa da na ƙarshe, na ga gajerar nan ta ruga benci ta ɗale wuyan Luba, ta kama kumatunta da hannu biyu tana yi mata magana, Luba tana dariya har haƙoranta na ciki. Ban taɓa ganin wannan dariyar ba. Kishi ya kama ni, kishin yarinyar da ban sani ba, wadda take taɓa fuskar da ni na haifa ban taɓa ba tun tana goye.

Wasan kusa da na ƙarshe bayan la'asar aka fara shi, da masu masaukin baƙi, filin cike da mutanensu. Bayan an dawo daga hutu, mai tsaron ragarmu ta fita kama ƙwallo suka yi karo da wata, aka ɗauke ta a kan gadon ɗaukar majinyata. Sai ga Luba ta miƙe tana sa safar hannu. Mai sharhi ya faɗi sunanta, 'yan mata suka cika ɗaki da guɗa. Na kama bakin tabarma na riƙe.

Ta yi aiki, wannan ko maƙiyi ya shaida. Sau uku suna kawo hari tana karewa, ɗaya ma da ƙafa ta ture. Lokaci ya cika ba wanda ya yi galaba, aka ƙara, ya sake cika. Zainabu ta ce yanzu sai bugun daga kai sai mai tsaron gida, kowace ƙasa za ta buga biyar. Na ce, wato su duka za su taru a kan waccan ita kaɗai? Ta ce haka ne. Luba ta kare guda, ɗaki ya kusa tsagewa. Sai namu biyu suka zubar, har da gajerar nan. Aka zo bugun ƙarshe. Luba ta faɗi daidai inda ƙwallon ta nufa, ta taɓa ta da yatsu, ƙwallon ta murɗe ta shige.

Filin ya ruɗe da murnar mutanensu. 'Yan matanmu kowa ta zube inda take. Mai ɗaukar hoto ya kai kan Luba ya tsaya. Tana kwance rubda ciki a bakin raga, fuskarta cikin ciyawa, kafaɗunta suna rawa, kuma ba kowa kusa da ita. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban san lokacin da na isa gaban talabijin na dafa gilashin ba.

"Luba, tashi. Tashi, Lubabatu, ba laihinki ba ne. Ga ni nan."

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa, a gaban uwar mijina, a gaban surukan ɗiyata, a gidan da ba nawa ba. Kunya ta rufe ni, na ja mayafi na rufe fuska. Ina jiran abin da Dada za ta ce.

"Ki kama ni in tashi, magariba ta yi," ta ce.

Muka kamo hanya tana dafe da kafaɗata. Sai da muka wuce masallacin unguwa ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Gilashi kika gaya wa. Ita ba ta jiya ba."

Muka ƙara taku kaɗan, ta ci gaba.

"Ni tawa ta ƙare, bakina ya riga ya bushe a kan wancan. Shi ko nan ya tashi, ya san abin da shiruna ka nuhi. Wagga ɗiya ba ta sani ba. Mu munka ba da ita, ba mu ba ta da bayani ba."

Washegari da hantsi, bayan babanku ya dawo daga kewaya fadama, na ce ya ba ni wayarsa ya nemo mini lambar waccan. Ya dube ni, ya danna ya miƙo mini ya fita zaure. Na shiga ɗaki na saki labule. Ta yi ta ƙara har na fara fatan kada a ɗauka. Sai aka ɗauka, murya a dushe, irin ta wanda ya sha kuka.

"Baba, ina kwana."

"Ba shi ba ne. Ni ce."

Ina jin hayaniyar 'yan mata a bayanta, sai na ji an rufe ƙofa, hayaniyar ta ɗauke.

"Ina kwana, Inna. Lafiya dai?"

"Lahiya lau. Ke... kin ci abinci?"

Abin da ya fito ke nan. Duk maganar da na shirya tun asuba ta gudu. Na ji ta ja numfashi.

"Inna, wa kike nema?"

"Ke mana."

"Ni wa?"

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. A hankali ta faɗa, kuma na gane in na ajiye wayar nan ban amsa ba, ba za ta sake tambaya ba har abada. Jiya a gaban mutane sunan ya fito da kansa, yau da ba kowa sai ni da ita ya zame mini dutse a baki. Na dafa gado na zauna.

"Lubabatu," na ce. "Ɗiyata nika nema. Na ga wasanku duka, tun na hwarko. Ɗankwalin da ke kanki ni na saye shi, ba Dada ba."

Na ɗauka layin ya yanke, na cire wayar daga kunne na duba, na mayar. Sai na ji kukanta, ƙasa-ƙasa.

"Na'am, Inna," ta ce. Can kuma ta ce, "Ban ji sosai ba. Sake faɗa."

Layin ras yake, ko numfashinta ina ji. Na sake faɗa. Ta ce in ƙara, na ƙara. Shekararta ashirin da uku a duniya, ranar ta fara amsa kiran uwarta.